Yarona ɗan wata 19 na zazzaɓi, me zan yi masa a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Yarona watansa 19, a awon ƙarshe kilo 10 ne. Tun jiya da magariba jikinsa ya yi zafi rau, in na ba shi parasitamol sai ya sauka, bayan 'yan awanni ya dawo. Yana shan nono yana ɗan wasa amma ya ƙi abinci. Kakarsa ta ce haƙori ne in rabu da shi, maƙwabciyata kuma ta ce in je kemis a haɗa masa na maleriya da taifot. Dan Allah me zan yi masa a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Abu biyu da kika faɗa sun kwantar min da hankali, yana shan nono kuma yana ɗan wasa, don mu a wajen duba yaro waɗannan sun fi mana lambar zafin muhimmanci. Yaron da zafinsa ya kai 39.5 amma yana fizgar wayarki yana rigima in an karɓe, ya fi min sauƙi a kan wanda nasa 38 ne kawai amma ya yi laƙwas, ko kallonki ba ya yi. Ƙin abincin kuwa kar ya dame ki yanzu, kusan duk yaro mai zazzaɓi haka yake yi.

Toh amma ga maganar da nake so ki riƙe kafin komai. Duk abin da zan faɗa miki na gida, na rage masa wahala ne kafin a san me ya kawo zafin, ba magani ba ne. A ƙasarmu yaro ɗan ƙasa da shekara 5 in ya yi zazzaɓi, ƙa'ida ita ce a yi masa gwajin maleriya cikin awa 24, naki kuma tun jiya da magariba ya fara, kinga lokacin ya kusa cika, saboda haka yau ɗin nan za ki kai shi, ba gobe ba. Ba sai babban asibiti ba, na sha-ka-tafi na unguwa ma suna da gwajin nan na RDT da ake ɗan tsira yatsa a ɗiga jini, minti 15 zuwa 20 an gama. Dalilin gaggawar, Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma irin ƙwayar da ke wajenmu ita ce mai tsananin, a jikin ƙaramin yaro tana iya juyewa cikin kwana ɗaya ko biyu ta cinye masa jini ko ta taɓa ƙwaƙwalwa, alhali ana ta ba shi parasitamol jiki na yin sanyi ana cewa ai ya ji sauƙi. Yawancin yaran da ake shigowa da su a guje ana neman jini da tsakar dare, in ka tambayi uwar za ta ce kwana uku ko huɗu kenan ana ba shi maganin zazzaɓi a gida.

Maganar haƙori, ki gaishe min da Hajiya kakarsa, ba wai ta faɗi abin da babu ba ne, fitowar haƙori na sa yaro dalalar da miyau, ya riƙa cizon komai, ya yi ta ƙananan rigima, jiki ma kan ɗan yi ɗumi. Amma ba ya kawo zafi rau mai kai 38 zuwa sama, ba ya kawo gudawa mai yawa, ba ya kawo jijjiga. Abin da ke faruwa shi ne daga wata 6 zuwa shekara biyu da rabi kusan kullum akwai haƙorin da ke kan hanya, kuma daidai lokacin ne kariyar da ya samo daga jikinki ta ragu, ya fara rarrafe yana kai komai baki, sai cututtuka su yi ta zuwa, duk lokacin da aka buɗe bakinsa kuma a ga dasashi ya kumbura sai a ɗora wa haƙori laifi. Idan gwaji ya nuna babu komai ai ba a yi asara ba, amma kar a fara da cewa haƙori ne.

Ita kuma shawarar a je kemis a haɗa, a'a gaskiya. Ba duk zazzaɓi ne maleriya ba, da yawa mura ce ko wata ƙwayar bairos da za ta wuce da kanta cikin kwana biyu uku, wani ciwon kunne ne, wani maƙogwaro, wani ciwon fitsari, wani limoniya, kowanne da nasa maganin. Taifot ɗin nan da ake liƙa wa kowa, ba a gane shi da ido, kuma ba a gane shi a zazzaɓin kwana ɗaya, ko gwajin Widal da ake yi barkatai ma sau da yawa yana nuna akwai alhali babu. Haɗin kemis kuma yawanci za ki ga na maleriya, da antibayotik ɗaya ko biyu, da maganin tari, da na ƙarin jini, duk a cikin yaro ɗan kilo 10, in ya fara amai ko gudawa ba a san ciwon ne ko maganin ba.

Yanzu parasitamol, nan ne zan ɗan daɗe don nan aka fi kuskure. Da farko ki samu ma'aunin zafi, tamomita irin mai lamba ɗin nan, ba shi da tsada, ki sa masa a hammata ki matse hannun har ya yi ƙara, in ya nuna 37.5 zuwa sama zazzaɓi ne. Tafin hannu na gaya miki akwai zafi amma ba ya gaya miki nawa. Sannan ba don lamba ake ba da maganin ba, don yaron ya samu sakewa ne ya iya sha ya iya barci, in jikinsa da ɗumi amma yana harkarsa ba dole ki ba shi ba, in kuma yana barcinsa lafiya kar ki tashe shi don lokacin magani ya yi.

Ana auna shi da nauyi ne ba da shekaru ba, miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo. Naki mai kilo 10 kenan miligiram 100 zuwa 150 a sha ɗaya. Ki duba jikin kwalbar, yawancin na ruwa da ake sayarwa an rubuta 120mg/5ml ko 125mg/5ml, in irinsa ne toh mil 5 ya yi masa daidai, har 6 ba laifi. Amma akwai wani ƙarami na jarirai mai ɗigawa da ake rubuta 100mg/ml, wannan ya fi kauri nesa, mil 5 ɗinsa miligiram 500 ne, ƙwayar babban mutum guda kenan, shi mil 1 zuwa ɗaya da rabi ne kawai rabon yaronki. Don haka duk sabuwar kwalba sai an karanta. Ki yi amfani da sirinji marar allura ko murfin awon da ya zo da maganin, cokalin gida ba awo ba ne, wani ya ɗauki mil 3 wani 8. Tsakanin sha da sha awa 6, in ya matsa ƙwarai za a iya bayan awa 4, amma kar ya wuce sau 4 a awa 24 ko me ake ciki, don yawansa hanta yake lalatawa kuma a ranar farko ba a ganin alama. Ki riƙa rubuta lokacin da kika ba shi ko a waya ne, musamman a gidan yawa inda ke ki ba shi, kakarsa ta ba shi, babansa ya dawo daga kasuwa ya taɓa jiki ya ce a ƙara. Kuma ki duba magungunan mura da tari na yara, da yawansu akwai parasitamol a ciki, sai a haɗa biyu ba a sani ba.

Saukar da yake yi ya dawo bayan 'yan awanni kuwa haka aikin maganin yake, ƙarfinsa awa 4 zuwa 6 ne, kamar fifita ne, kina yi ana jin sanyi kina dainawa zafi ya dawo. Ba alamar maganin jabu ne ba, saukar ma ba alamar ciwon ƙarami ne ba, sanƙarau ma zafinsa kan sauka in an sha parasitamol.

Ibuprofen shi ma yana sauke zafi, ana ba yaro mai watanninsa, miligiram 5 zuwa 10 a kilo duk awa 6 zuwa 8, bayan ya sa wani abu a ciki. Amma ni ba na son a fara da shi a gida, saboda yaron da ba ya shan ruwa sosai ko yake amai da gudawa yana iya taɓa masa ƙoda, mai ƙarambau ba a ba shi, mai asma sai da lura. Ki tsaya a guda ɗaya kawai. Asfirin kuwa sam ba a ba yaro, yana iya jawo wani mugun ciwo mai kumbura ƙwaƙwalwa da hanta, kuma ki sani garin Alabukun asfirin ne a ciki da sinadarin kafeyin irin na kofi, don na san akwai gidajen da ake ɗan ɗiba a jiƙa wa yaro. Allurar sauke zazzaɓi a kemis ita ma ki bar ta, ba ta fi na sha aiki ba ga yaron da ke iya haɗiya, ga haɗarin ƙurji ko a taɓa jijiyar ƙafa.

Inda za ki sayi maganin ma abin dubawa ne. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙoran nan My Pikin ya yi sanadin mutuwar yara 84 a Najeriya saboda wani sinadari mai kashe ƙoda da ya shiga ciki, a 2022 kuma irin wannan ya faru a Gambiya da magungunan tari na ruwa, yara kusan 70. Ki saya a famasi mai rajista, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki bar na tire da na baro da rana ta gama dafawa. Su kansu magungunan haƙori na ruwa ba ya buƙatarsu.

Abin da ya fi maganin muhimmanci a gida shi ne sha. Zafi na ƙone ruwan jiki, ga shi garinmu da ma da zafi. Tunda yana kama nono alhamdulillah, ki ba shi duk lokacin da ya nema har da wanda bai nema ba, kuma in kina shirin yaye ki ɗaga sai ya warke. Ki ƙara da ruwa mai tsabta kaɗan kaɗan akai-akai, kunu, koko, romo, kankana, lemon zaƙi, abin da ya karɓa dai. Kar a danne shi a yi masa ɗura, yaron da ke kuka ana toshe masa hanci abincin kan wuce huhu. In akwai gudawa ko amai ki haɗa ORS, garin gishiri da sukarin nan, ƙunshi ɗaya a ruwa lita ɗaya, wato leda biyu ta fiya wata, ki riƙa ba shi da cokali duk minti ɗaya ko biyu, in ya yi amai ki jira minti 10 ki ci gaba a hankali, mai gudawa kuma a haɗa masa da zinc na kwana 10. Awonki shi ne fitsari, in yana jiƙa pampas ko wando kamar yadda ya saba toh ruwa na isarsa, in ya yi awa 8 babu fitsari, ko yana kuka ba hawaye, baki ya bushe ido ya faɗa, wannan ya wuce gida.

Kaya ki rage masa, 'yar shimi ɗaya ta isa, a buɗe taga ko a kunna fanka kaɗan in da wuta. Lulluɓe shi da bargo wai ya yi gumi zazzaɓin ya fita ƙara masa zafi ne, in yana rawar sanyi zani ɗaya marar nauyi ya isa, da ta wuce a cire. In za ki goge masa jiki, da ruwa mai ɗan ɗumi, ba na randa ko na firji ba, ruwan sanyi na sa shi karkarwa ne zafin ciki ya ƙaru, kuma in ya tsani gugar yana ta ihu ki bari, amfaninta ba wani mai yawa ba ne. Banda shafa sipirit, banda cika masa jiki da man zafi, banda sirace, yara nawa aka kawo da ƙunar ruwan zafi ta dalilinsa. Jiƙe-jiƙe irin su darbejiya da tazargade su ma ki ajiye, babu wanda ya san awon da ƙodar ɗan wata 19 za ta ɗauka. Addu'a da tofi kam ki yi masa, babu abin da suke hanawa.

Sai alamomin da in kin ga ko ɗaya ba jiran safiya, ko ƙarfe biyun dare ne a nemi abin hawa. Ya daina kama nono ko ya kasa shan komai, ko duk abin da ya shiga sai ya dawo. Barci mai nauyi da ba ya tashi sosai in an tashe shi, ko ya yi laushi, ko wani irin kuka mai ƙara da ba ya rarrasuwa. Jijjiga. Wuya ya sanƙare ko haske na damunsa, musamman lokacin zafi daga wajen Fabrairu zuwa Mayu da sanƙarau ke yawo a yankinmu. Numfashi da sauri, ki ɗaga rigarsa yana kwance shiru ki ƙirga na minti ɗaya cif, a shekarunsa in ya kai 40 ya yi yawa, haka in ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska ko yana gurnani, wannan limoniya muke tunani. Tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat, ko ido ya yi rawaya, ko fitsari ya koma kalar kok. Ƙuraje ja ko baƙi-baƙi da in kin danna su da gefen kofin gilas ba sa ɓacewa. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya, don ba mu manta yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano a 2023 ba. Sannan in zuciyarki ta ce miki yaron nan ba daidai yake ba, ki tafi kawai, uwa ta fi kowa sanin ɗanta.

Bari in tsaya a kan jijjiga tunda ita ce ke ruɗa gida gaba ɗaya. Yara daga wata 6 zuwa shekara 5 wasunsu zafi kaɗai na sa su jijjiga, kamar 2 zuwa 5 cikin ɗari, ido ya juye, jiki ya sanƙare, hannu da ƙafa na fizga, yawanci cikin minti biyu uku ta tsaya da kanta kuma irin wannan ba ta barin illa, ba farfaɗiya ba ce, ba kuma iska ba ce. Abin da ke illata yaran sau da yawa abin da aka yi musu ne a lokacin. Ki kwantar da shi a ƙasa a gefensa don miyau ko amai ya zubo waje, ki kawar da abin da zai buge, ki sassauta kaya, ki duba agogo. Kar a sa masa cokali ko yatsa a baki, ba zai haɗiye harshensa ba, haƙora kawai za a karya. Kar a ɗura masa manja ko ruwa ko rubutu ko magani yana cikin wannan halin, huhu zai tafi. Kar a matsa albasa a ido, kar a kanga ƙafarsa a wuta, kar a turnuƙe shi da hayaƙi. In ta kai minti 5 ba ta tsaya ba a ɗauke shi a haka a gefensa a tafi. In ma ta tsaya da wuri duk da haka asibiti za a je a ranar, don a nan wajenmu jijjiga da zazzaɓi sai an tabbatar ba maleriyar ƙwaƙwalwa ba ce, ba sanƙarau ba, ba sukarin jini ne ya faɗi ba. Kuma ɗura parasitamol akai-akai ba ya hana ta zuwa, kar tsoronta ya sa ki wuce awo.

In gwaji ya nuna maleriya, za su ba shi ACT, wato haɗin maganin maleriya da ake amfani da shi yanzu, wanda aka fi bayarwa shi ne irin su Coartem, mai kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya ta yara a sha ɗaya, sau 6 cikin kwana 3, na biyu bayan awa 8 da na farko, sauran safe da yamma. Ki ba shi da nono ko madara ko abinci mai ɗan maiƙo, jiki ya fi ɗaukarsa, in ya amayar cikin rabin awa a sake. Ki ƙarasa duka shidan ko ya miƙe yana guje-guje a rana ta biyu, kar a ajiye ragowa wai don gaba. Kulorokwin an daina amfani da shi a maleriya tun tuni, ƙwayar ta saba da shi. Maganin nan da ake bi gida-gida ana rabawa yara wata-wata da damina shi kuma na rigakafi ne, yaron da ke shansa ma in ya yi zazzaɓi sai an gwada, ba a ƙara masa shi a matsayin magani. Ki kuma faɗa musu in ya sha maganin maleriya a makonnin nan, don RDT kan ci gaba da nunawa har bayan an warke.

In kuma ya nuna babu, kar ki matsa sai an ba shi na maleriya, ki bari a duba kunne da maƙogwaro da ƙirji, in da hali a gwada fitsari. In ba a ga komai ba ki koma gida ki ci gaba da abin da na faɗa, da yawa a kwana na uku zafin ke tafiya, wani ma sai ƙananan ƙuraje su feso bayan zafin ya sauka yaron kuma garau. Wannan daban yake da ƙyanda, ita tana zuwa da jan ido da tari da majina, ƙurajen su fara daga fuska zafin na nan bai sauka ba, kuma ita ta asibiti ce, ki duba katinsa ki ga ya samu rigakafinta na wata 9 da na wata 15. Zazzaɓin da ya wuce kwana 3 bai sauka ba, ko ya sha magani kwana biyu ba canji, a koma ko da an gwada a baya.

Duk wannan lissafin na yaro ne mai ƙoshin lafiya kamar naki. In yana da sikila, ko yana da tamowa, zazzaɓi kowane iri asibiti ne kai tsaye a ranar, haka jaririn da bai kai wata 3 ba, shi ko parasitamol kar a tsaya ba shi a gida, in kina da ƙaninsa ko wata ta tambaye ki. Da za ki fita anjima ki ɗauki kwalbar parasitamol ɗin da duk wani abin da aka ba shi tun jiya, har da na gargajiya in akwai, da katin rigakafinsa, kuma ki sa su sake ɗora shi a sikeli, don in awon ƙarshen ya kwana biyu mai yiwuwa ya wuce kilo 10 yanzu.